Ranar Da Alamin Ya Hana Jirgin Feshi Tashi

Akwai wani injiniyan jirgin sama mai suna Alamin, ɗan Gashuwa ne. A daminar 1998 tsuntsayen jan-baki suka sauka a fadamun Katuzu, suna cinye shinkafa tun tana ɗanya. Aka kawo jirgin feshi Nguru, aka turo Alamin ya kula da injinsa.

Da ya duba tarihin injin, sai ya ga matsala. Wani faifan ƙarfe da ke juyawa a ciki ya cika wa'adinsa. Doka ta ce irin wannan ƙarfen, da ya kai adadin tashin da aka yanka masa, dole a cire shi ko da yana ƙyalli.

Ya ce ba zai sa hannu jirgi ya tashi ba sai an kawo sabo daga Legas.

Kawunsa Ibram, wanda ya riƙe shi tun yana maraya, ya zo har filin jirgi.

"Ɗana, gonata ce ake ci! Ka sa hannu mana, ai injin lafiya yake kuka."

Alamin ya durƙusa ya ce, "Kawu, ka gafarce ni. In ya fashe a sama, Aondona ne a ciki."

Aondona shi ne matuƙin jirgin, ɗan ƙabilar Tibi mai 'ya'ya ƙanana.

Kawu ya juya ko sallama babu. Gari ya ɗauka cewa boko ya sa Alamin girman kai. Shi kuwa bai zauna ba. Ya naɗe wando ya shiga fadama, yana kaɗa gwangwani yana korar tsuntsaye tare da manoma har muryarsa ta dishe.

Da sabon ƙarfen ya iso, aka ciro tsohon. Sai ga tsaga siririya ta ratsa shi ta ciki, inda ido ba ya kaiwa. Aondona ya daɗe yana kallonta, sannan ya rungume Alamin yana hawaye.

Jirgi ya tashi, ya yi wa matattarar tsuntsayen feshi. Mata suka yi ta guɗa a bakin gona! Mafi yawan shinkafar ta tsira.

Ranar girbi, Kawu Ibram ya kama hannun Alamin a gaban jama'a ya ce, "Ku shaida, ni na raini wannan."

Darasi: Kada matsin mutane, ko na wanda kake ƙauna, ya sa ka karya dokar da aka kafa don kare rai. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su amfana.