Ƙanƙarar da Rana Ta Haifa

Ranar Laraba ce, sha huɗu ga Afrilu, ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe, Inna Marka ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. A garinmu Tudun Gawo aka yi wannan, shekarar da rijiyoyi suka ƙafe, kananzir kuma ya ɓace daga kasuwa. Ku gyara zama, don in na gama ku za ku yanke hukunci.

Likita a birni ya ce ciwon sukari ne. Ya ba da allurar da za a riƙa yi mata kullum, ya ce muddin ruwan allurar na cikin sanyi za ta rayu, in zafi ya dafa shi ya zama ruwan banza. An binne kwalbar allurar a yashin gindin randa, amma ruwan jiƙa yashin ma babu, ta lalace. Likita ya ce ba zai ba da wata ba sai an samo mata wurin sanyi. Inna Marka ta kwanta tana ramewa, tana sambatun ƙanƙarar da ta taɓa zubowa daga sama tana yarinya, ta tsinta a zane, kafin ta kai gida ta narke. 'Ya'yanta uku ne: Dogara, Jatau da Kyauta.

Dogara, babbansu, ya yi shara a asibitin mishan yana yaro. Ya tuna wani farin firji da 'yar fitila ke ci a ƙarƙashinsa, cikinsa kuwa sanyi ƙalau. Malamar asibiti ta taɓa gaya masa cewa wutar na tafasa wani ruwa a bututu, tururin ya hau, ya huce, ya sauko yana shanye zafin da ke cikin akwatin. Ya ce wa ƙannensa, "Ba kananzir yake ci ba, zafi yake ci. Zafi kuwa ga shi nan a sama, kyauta." Ya tafi kangon mishan, ya tono firjin daga cikin gara da kashin jemage. Wajen ɗora shi a amalanke bayansa ya amsa, bai ƙara miƙewa sosai ba. A gida ya kife shi ya wuni don ruwan bututun ya gauraya, sannan ya tsayar da shi, ya aza ƙwaryar ruwa a kansa, yana cusa tsakuwa a ƙasa har ruwan ya kwanta daidai.

Jatau maƙeri ne. Ya ƙera wani ƙaton faranti mai zurfi, ya bi gida-gida yana roƙon madubi.

"Jatau, kwalliya za ka fara da furfurarka?" in ji wata tsohuwa.

"Rana zan ɗana wa tarko, Gwaggo."

"To, in ka kama ta ka sammana."

Ya yanka madubban ƙanana, ya liƙa su da ƙaro. In ka leƙa farantin sai ka ga sama ta tsattsage gida-gida, kowane gida da ranarsa. Saura a gano inda hasken ke haɗuwa, a saita shi kan bututun da fitila ke ɗumamawa a da. Ba shi da abin awo, sai ya laluba da tafin hannunsa na dama. Ya samu wurin, zafin ya ƙona masa tafin. Hannun bai ƙara riƙe guduma yadda ya kamata ba.

Mazan biyu suka tafi birni karɓo allura. Bayansu sai Kawu Barau, yayan Inna Marka, ya zo dubiya, ya ga kayan a tsakar rana. Tausayi ya kama shi. Ya ce tun kaka da kakanni ba a taɓa barin abin sanyi a rana ba, ya tara mutane suka kafa wa farantin rumfar zana mai kyau, suka tafi suna sa wa juna albarka. Firjin da ya fara sanyi ya koma ɗumi. A garinmu kuwa ba a rushe abin da babba ya kafa.

Kyauta, autarsu, ta durƙusa a gabansa ta ce, "Kawu, ka gafarce ni." Ta tashi ta yaye zanar.

"Ke Kyauta! Rumfar tawa?"

"Kawu, wannan ba randa ba ce. Halin gero gare shi, inuwa ke kashe shi."

Bai sake cin tuwonta ba har ya koma ga Allah. Ita kuwa ta zauna gindin farantin, tana juya shi kaɗan-kaɗan yana bin rana daga gabas zuwa yamma, a ranar nan da kuma kowace rana bayanta. Da yayyenta suka dawo da kwalbar, sanyi suka tarar yana jiranta. Ƙyallin madubban ya riƙa cin idon Kyauta a hankali.

Inna Marka ta tashi. Wata la'asar aka buɗe firjin, aka ga ruwan wani ɗan kofi ya daskare, kamar ƙwan zabuwa. Ta ɗora shi a tafinta tana murmushi irin na yara, ta ce, "Wanda ya ba ni raina a cikinku, shi zan sa wa wannan a baki." Ta dubi bayan Dogara. Ta dubi hannun Jatau. Ta dubi idon Kyauta. Ruwa na ɗiga ta tsakanin yatsunta, har tafin ya koma wayam. Ta rayu ta goyi jikoki, firjin ya yi ƙanƙara sau da yawa, amma ba ta ƙara ɗaga maganar ba.

Yau Inna Marka ba ta. Kawu Barau ba shi, Dogara ma ya bi su. Waɗanda suka rage su ne Jatau da hannunsa, Kyauta da ba ta ganin komai sai haske da inuwa, farantin da kaji ke kwana a ƙarƙashinsa, sai ni da nake tsaye a bakin ƙofa ranar.

To, da a tafinku aka ɗora ƙanƙarar nan tana narkewa, a bakin wa za ku sa ta?