Malam Jatau da Zarton Sata

Ɗanjuma, Ladidi, ku ajiye wayoyin nan ku matso. Kun haifi 'ya'ya amma har yau da sauranku. Ku ji wannan, ku faɗa wa jikokina.

An yi wani ƙaton jan biri a wani daji can bayan teku, irin wanda ake kira orangutan, sunansa Jatau. Wayo gare shi na ban mamaki. In ruwa ya sauko, ganye yake tsinkowa ya yi lema, kullum kuma sabon gado yake saƙawa a kan itace. Aibinsa girman kai. Maƙwabciyarsa Cilakowa ce, tsuntsuwar da bakinta ya fi jikinta.

Wata rana mutane suka zo sare dajin don su shuka kwakwar manja. Cilakowa ta jiyo hirarsu, ta dawo tana haki.

"Jatau, ka san ma'anar orangutan? Wai mutumin daji!"

"Mutum?" Jatau ya gyara zama. "Dama jikina ya ba ni. Daga yau Malam Jatau za ki ce."

"Malam ba wando?"

"Rufe mini baki, mai baki kamar lauje!"

Ya sauka ya sato zarto. Kallo ɗaya ya yi wa masu aikin, ya iya. Ya yanke ɓauren da ke ciyar da shi, ya yanke itacen gadonsa, yana ta yi musu "sannunmu da aiki, 'yan'uwa."

Cilakowa ta ce, "To ina za ka kwana?"

"Mu mutane a ɗaki muke kwana."

Da daji ya ƙare tas, ya shafa manja a gemu, ya je ƙofar shugaban ma'aikatan ya yi sallama, wai a nuna masa ɗakinsa.

Aka kwarma ihu, "Biri! Biri!" Aka bi shi da jifa. Ya ruga zai hau itace, babu ko ɗaya. Ya ɗare wani kututture da bai kai gwiwa ba, ya rufe ido, wai ya ɓuya.

Cilakowa ta sauka a kansa, don ita ma ba ta da reshe. "Malam, daji ka yanke shi, mutum kuma an hana ka. Yanzu da wane suna zan kira ka?"

Darasin wannan labari shi ne, wanda ya sare gidansa don a kira shi da babban suna, zai rasa gidan, ya rasa sunan. Amma ni ban wanke masu zarton ba. Ku raba mini gardama kafin ku tashi: birin da ya kwaikwaya, da mutanen da ya gani suna yi, wa ya fi wauta?