Guga Ɗaya a Ranar Gobara

Akwai wani maigida mai gonaki da rumbuna, mai son tsari har abin ya yi yawa. Ya raba wa barorinsa aikin ruwa ƙanana-ƙanana: wannan ya ja daga rijiya, wancan ya ɗauko, wani ya zuba a randa. Ba mai taɓa na wani. In ya yi baƙo sai ya zagaya da shi, yana cewa, "Ka ga gidan nan? Ko barci nake yi, aiki na tafiya."

Haka ne kuwa, muddin ruwan sha da na wanka ake nema.

Ran nan da tsakar rana wuta ta kama rumbun dawa, abincin gidan na shekara, iska kuma tana kora ta wajen ɗakin yara. Mata suka sa kururuwa. Maƙwabta suka sheƙo da bokitai, suna cewa, "Maigida, ina za mu tsaya?"

Idonsa na kan wuta, ya ce, "Nan! Kowa ya zo nan a zuba!"

Ƙarti suka jeru gaban wuta, bokitansu ba ko ɗigo. Can bayan gida Baba Habila, tsohon da aka ba rijiya, yana ja da guga ɗaya shi kaɗai.

Uwargida Rifkatu ta riƙe masa riga. "Maigida, tura mutane rijiya! Baba ya gaji!"

"Rijiya aikin Habila ne. Kada ki ɓata mini tsari."

Bai rufe baki ba jinkar rumbu ta rufta. Da ƙyar aka fid da yaran ta kan katanga. Dawa ta zama toka. Tsari kam bai ƙone ba, shi kaɗai aka tsira da shi.

Ma'anar misalin ke nan, 'yan'uwa. Raba aiki ba laifi ba ne. Masu kula da manyan na'urorin intanet ma haka suke yi, amma in jama'a suka yi wa sashe ɗaya yawa, nan take su ƙara masa ƙarfi. Gidan shi ne ikilisiya. Gaban wuta shi ne inda ake ganin mutum, can duk muke rububin tsayawa. Rijiya kuwa ita ce addu'a da ziyarar marasa lafiya, da muka bar wa tsofaffi. Ku ji tsoro, gama gobara ba ta aiko da sanarwa. Ranar da ta zo gidanka, wa ke bakin rijiya?