Gizo da Kajin Duba na Birnin Rum

"Ga ta nan, ga ta nanku, yau daga nesa ta taso!"

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Can a zamanin da, Rumawa ba sa fita yaƙi sai sun tambayi kaji. A buɗe keji, a watsa alkama. In kajin sun ci har tsaba na zubowa daga bakinsu, akwai nasara. In sun ƙi ci, kowa ya rataye takobinsa ya koma gida.

Gizo ya ji ana neman mai tsaron kajin, ya ce, "Kaji su yi duba, ni in sha inuwa? Ku ba ni!"

Sai da ya karɓa aka gaya masa ai mai tsaro shi ke ɗaukar kejin a ka, a sahun gaba, kuma gobe za a fita. Gizo ya shiga neman dabarar hana fita.

Da sassafe ya ɗebo alkama ƙwarya guda daga rumbun matarsa Ƙoƙi, ya je wurin babbar kazar.

"Iya Wake-wake, ku ci ku ƙoshi. In Sarkin Yaƙi ya zo, ba ku san alkama ba."

Ta ce, "Zuba dai, ɗan nan, surutunka ya yi yawa."

Sarkin Yaƙi ya iso da jan mayafi da hular ƙarfe mai tsintsiya a ka. Aka watsa tsaba. Kaji suka dube ta, suka yi gyatsa.

Gizo ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ji da kunnenka."

Aka ɗage yaƙi zuwa gobe.

Washegari ƙwarya biyu ya kai musu. Da aka watsa tsaba, kajin a kanta suka kwanta suna minshari. Sarkin Yaƙi ya leƙa, ya ce, "Kai Gizo, kajin da ba sa ci, ya na ga suna ƙiba?"

"Kumburin baƙin ciki ne, ranka ya daɗe."

Aka sake ɗagewa.

Rana ta uku ya tarar da Ƙoƙi zaune a bakin rumbu da muciya a cinya. Ta ce, "Maigida, taɓa ka gani."

Ya tafi hannu wofi, ya durƙusa. "Iya Wake-wake, yau ku daure ku kame baki, don zumunci."

"Wane zumunci? Ka buɗe mana ciki kamar buhu, sannan ka zo mana da wa'azi?"

Ana watsa tsaba, kaji suka auka mata. Suka cinye, suka cinye ta cikin buhu, suka tsinke igiyar takalmin Sarkin Yaƙi, zakara ya haye kansa yana tsattsagar tsintsiyar hular.

Sarkin Yaƙi ya yi tsalle da takalmi ɗaya. "Ban taɓa ganin alama irin wannan ba! Ƙasa ɗaya na yi niyya, yanzu uku za mu ci! Gizo, ɗauki keji!"

Aka ɗora masa. Kajin da ya ƙibantar da hannunsa suka danne shi, ƙafafunsa takwas suka lanƙwashe, yana gaba yana kuka, mayaƙa na biye da kiɗa. Shi ya sa har yau ƙafar gizo ba ta miƙe ba.

To, 'yan jikokina, in kuka toshe bakin wani da abinci don ya ɓoye gaskiya, ranar da hannunku ya ƙare shi zai fara tona ku.

Ƙungurus kan kusu! Wanda ya ce ƙarya ce, ya je Rum ya tambayi kajin.