Kyaftin da Katin da Bai Sauka Ba

Akwai wani mai aski da abokansa ke kira Kyaftin. Shagonsa ɗan ƙarami ne: kujera ɗaya, madubi mai tsaga a gefe, da benci wanda 'yan hira suka fi masu aski zama a kansa.

A kan wannan benci aka kafa ƙungiyar wasan kati na waya, irin wanda ake karawa ta intanet da mutanen da ba ka taɓa gani ba. Su uku ne: Kyaftin, da ƙaninsa makanike da ake ce wa Auta, da Tela, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda shagonsa ke jikin nasa.

Ga waɗanda ba su san wasan ba, ga yadda yake. Kowa yana da tarin katunansa. In an fara, wasan zai gauraya su ya raba maka bakwai. Wasu katunan mayaƙa ne, wasu na ƙarfi. Mayaƙi ba ya sauka fili sai ka tara masa katunan ƙarfin da yake bukata, kuma ɗaya ake ajiyewa a kowane zagaye.

In abin da aka raba maka bai yi ba, akwai maɓallin sake rabo. Sai dai ba kyauta ba ne. Ka danna sau ɗaya, katunanka su koma shida. Ka ƙara, su koma biyar. An yi shi ne don wanda aka raba wa abin da ba ya buguwa sam, kamar a ce babu katin ƙarfi ko ɗaya.

Kyaftin ya iya wasan, wannan ba a musu. Matsalarsa wani kati ne mai suna Giwar Ƙarfe, wanda yake ji da shi kamar ɗan fari. In Giwa ta sauka, da wuya abokin karawa ya tashi. Don haka duk rabon da babu ita a ciki, a wurin Kyaftin shara ne.

Tela kuwa akasinsa ne. Zai duba katunansa, ya gyara tabarau, ya ce, "To, za a iya lallaɓawa." Wannan magana tana ba Kyaftin haushi ƙwarai.

Da suka shiga gasar ƙungiyoyi ta mako-mako, kowa da nasa abokin karawar, ƙungiyar da ta ci wasa biyu ita ke ɗaukar maki. Wani mako aka yi ɗaya da ɗaya, wasan Tela ya zama na raba gardama, aka cinye shi da kyar.

Kyaftin ya ajiye injin aski ya ce, "Daga yau an kafa doka. Duk wanda ya faɗi wasan raba gardama, ya tashi ya ba wani wuri. Ba ƙungiyar lallaɓawa na kafa ba."

Auta ya ce, "Haba Yaya, Tela ne fa."

"Ko ni ne," in ji Kyaftin.

Abin ya yi wa Tela ciwo, kowa ya gani a fuskarsa. Aka ɗauko wani direba ya maye gurbinsa. Duk da haka Tela bai daina zuwa ba. Ranar gasa zai rufe shago, ya zo ya zauna a ƙarshen benci da guntun zare a kafaɗarsa, yana kallo.

Ana nan, sai ga wata Asabar da yamma. Direba ya faɗi wasansa. Auta ya ci nasa, da katunan da shi kansa ya ce ba su da kai ba su da gindi. Saura Kyaftin.

Aka raba masa bakwai: katunan ƙarfi uku, ƙananan mayaƙa huɗu. Tela ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce, "Kyaftin, riƙe waɗannan. Wallahi rabo ne mai kyau."

"Ina Giwa?"

"Tana cikin tari, za ta zo."

"Malam, kai da aka sallama, ka bar masu wasa su yi wasa."

Ya danna. Shida suka fito, babu Giwa. Auta ya ce, "Yaya, ya isa haka." Ya sake dannawa, biyar. Ya danna na uku.

Huɗu suka fito, ga Giwar Ƙarfe a tsakiya tana ƙyalli. Kyaftin ya buga cinyarsa ya ce, "Kun gani! Mai nema shi ke samu." Bai lura ba cewa a cikin sauran ukun, katin ƙarfi ɗaya ne tak.

Shi kuwa abokin karawar, wani baƙo a can wata duniya, katunansa bakwai ya riƙe. Ya ajiye ƙarfi, ya sauke ɗan ƙaramin mayaƙi. Zagaye na gaba ya ƙara wani. Ba wani abin burgewa a cikinsu, irin katunan nan ne da Kyaftin ya zubar ɗazu. Suka dinga yagar ran Kyaftin na cikin wasan kaɗan-kaɗan, shi kuma yana jan kati yana roƙon Allah ya kawo ƙarfi.

Har aka cinye shi, Giwa tana hannunsa. Ko ƙafa ɗaya ba ta sa a fili ba.

Direba ya kalli silin. Kyaftin ya fara cewa intanet ce ta yi nauyi, sai Auta ya katse shi a hankali.

"Yaya, na raba gardama ne."

"To sai me?"

"Kai ka ce ko kai ne."

Kyaftin ya dubi madubi, ya dubi benci. Ya so ya yi faɗa, amma bakin da ya kafa dokar shi ne nasa. Tela ya ce a bar maganar, shi ba ya riƙe da kowa. Auta ya ce a'a, in doka ta ci Tela ta tsallake Kyaftin, to shi ma ya fita. A nan Kyaftin ya ji kunyar da bai taɓa ji ba, ya ce, "Tela, karɓi wurinka."

Asabar ta gaba, a shagonsa, a kan bencinsa, aka buga gasa babu shi. Yana tsaye yana yi wa wani dattijo aski, idonsa na kan wayar Tela ta cikin madubi. Aka raba wa Tela bakwai, tsaka-tsaki, babu wani babban kati.

Kyaftin ya kashe inji. Bakinsa ya buɗe, "Sake ra..." Sai ya haɗiye.

Tela ya ɗago ya ce, "Me ka ce, Kyaftin?"

"Na ce riƙe su. Za a iya lallaɓawa."

Ya kunna inji ya ci gaba da aski.

Darasi: Duk lokacin da ka zubar da abin da ke hannunka don neman wanda ba shi da aibi, akwai abin da ke raguwa, ko kati ne ko aboki. Kuma kada ka kafa wa wasu dokar da ba za ka iya zama a ƙarƙashinta ba. Ku tura wa wannan abokin naku da kullum yatsansa ke kan maɓallin sake rabo.