Birkin Motar Malam Hashimu

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, wani bawan Allah da ake kira Malam Hashimu. Ba malami ba ne, girmamawa ce ta sa ake ce masa Malam. Direba ne. Yana da wata tsohuwar ƙaramar bas, da ita yake kai 'yan makaranta da safe, ya dawo da su da azahar. Yara goma sha huɗu, har da 'yarsa Shamsiyya. Unguwarsu tana kan tudu, makarantar tana can ƙasa, tsakaninsu akwai wata doguwar gangara da take ƙarewa a babban titi inda manyan motoci ke wucewa ba dare ba rana.

'Yan'uwana mata, ku riƙe gangarar nan a ranku.

Ana saura kwana biyar a dawo daga hutu, ran Laraba, shugabar makarantar, Malama Sahura, ta tara direbobin yara. Ta ce doka ta zo, kowace mota sai an kai ta gwaji an ba ta takardar shaidar lafiya. Ta ce ran Litinin duk wanda bai zo da takardar ba, motarsa ba za ta sauke yaro a ƙofar makarantarta ba, kuma za ta faɗa wa iyaye su nemi wani direban.

Malam Hashimu ba shi da wata sana'a. Motar nan ita ce gonarsa, ita ce rumbunsa.

Daga nan tasha ya wuce, ya sami direbobi a ƙarƙashin rumfa, ya yi sallama ya ce, "Don Allah ina ne wurin da ake gwajin mota?"

Suka dubi juna, suka fashe da dariya. Wani dattijo ya ce, "Shekara talatin ina tuƙi, ban taɓa ganin ƙofar wurin ba. Wa ya ce maka mota ce take zuwa? Takarda ce take zuwa."

Sai suka ƙwala wa wani kira, Sallau, wanda ake yi wa laƙabi da Nan-take. Aikinsa ke nan: ka ba shi lambar motarka da safe, da yamma ya kawo maka takarda da hatimi, motar tana ajiye a ƙofar gidanka ko tada ta ba a yi ba.

Sallau ya ce, "Ustazu, kawo lambar. Kafin la'asar ka ji ni."

Malam Hashimu ya ce, "To wa zai duba motar?"

"Allah zai duba ta mana. Ba kullum kana addu'a kafin ka tashe ta ba?"

Aka sake dariya. Malam Hashimu ma ya murmusa, ya ce, "Takardar za ta ce an duba, alhali ba a duba ba. Ni kuma 'ya'yan mutane nake ɗauka. Ku dai nuna mini hanya."

Ba wanda ya sani. Ku saurara da kyau, tasha guda, direba ya fi hamsin, ba wanda ya san inda ake gwajin mota. A ƙarshe wani ya ce kamar ya taɓa ganin allon wurin kusa da tsohuwar kotu.

Ya tafi. Ya tarar da ƙofa da kwaɗo ya yi tsatsa, awaki kwance a baranda. Mai shayin da ke gefe ya ce, "Ai sun tashi tun bara waccan. An ce suna bayan mayanka."

Laraba ta tafi.

Ran Alhamis da sassafe ya nufi bayan mayanka. Ya zagaya, ya zagaya, ya shiga lungun da motar ba ta iya juyawa sai da ya fito da baya da baya. Da ya sami wurin, ashe inda ake tara baburan da aka kama ne. Mai gadin ya ce shi sabon zuwa ne, a jira maigidansa. Ya jira har azahar. Maigidan ya zo ya ce, "Ba nan ba ne. Ka bi hanyar fita gari, ka wuce rumbunan hatsi na gwamnati, akwai wata hanya ta hannun hagu. Ba allo, iska ta kayar da shi." Malam Hashimu ya bi, ya shiga hanyar hagu ta farko, ta kai shi gidan bulo. Ya shiga ta biyu, ta kai shi maƙabarta. Kafin ya gane ta uku ce, an tashi daga aiki.

Alhamis ta tafi.

Da ya dawo gida, matarsa Tasalla ta ajiye masa abinci, ya kasa ci. Ta zauna ta ce, "Baban Shamsiyya, gobe Juma'a fa, rabin yini ake aiki. In ba ka samu ba shi ke nan sai Litinin. Me ya sa ba za ka ba Sallau ba kamar kowa? Motarka lafiyarta ƙalau, kai da kake wanke ta kamar jaririya."

Ya ce, "In lafiyarta ƙalau, ai gwajin ba zai rage ta da komai ba."

Ta ce, "Allah ya sa."

Ran Juma'a ƙarfe takwas yana bakin wurin. Wani fili ne mai katanga, da rumfar kwano, da wani dogon rami da ake hawa da mota a kansa don a leƙa ƙarƙashinta. Motoci biyu kacal ya tarar a gabansa. Gari guda, motoci biyu.

Mai duba motar wani dattijo ne mara yawan magana, rigar aikinsa duk baƙin mai. Ya ce a kunna fitila, aka kunna. A danna hon, aka danna. Ya bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya yana latsawa da yatsa. Malam Hashimu yana tsaye yana ta salati a zuci. Duk suka wuce lafiya. Sai dattijon ya ce, "Ba ni makulli."

Ya shiga, ya ja motar zuwa ƙarshen filin, ya juyo da ɗan gudu, ya taka birki. Sau ɗaya ya taka.

Motar ba ta tsaya ba.

Ta ci gaba da tafiya sulululu kamar ba a taɓa ta ba, har sai da dattijon ya fizgi birkin hannu, ta tsaya saura taku uku ta daki katanga.

Ya fito a hankali ya ce, "Malam, yaushe rabon da ka taka birkin nan ya kama?"

Malam Hashimu ya ce, "Ranka ya daɗe, yana kamawa. Sai dai sau biyu ake taka shi. Na farko a sake, na biyu ya kama. Halinta ne, na saba da ita."

Kun ji kuskuren. Ba mugunta ba ce, sabo ne. Birkin ya daɗe yana sanyi kaɗan-kaɗan, ƙafarsa kuma tana koyon yadda za ta lallaɓa shi, har ta kai shi kansa ya daina ganin aibin takawa sau biyu. Kullum da safe ya ɗan ƙara man birki, ya ɗauka haka tsofaffin motoci suke.

Dattijon ya ce, "Me kake ɗauka da ita?"

"'Yan makaranta."

Dattijon ya dube shi ya ce, "Yaron da ya faɗo maka titi, zai jira ka taka na biyu?"

Malam Hashimu ya juya ya dubi katangar.

Aka hau da motar kan ramin, dattijon ya kira shi suka sauka tare, ya haska masa tocila. Ga tiyon da ke kai mai zuwa birki ya tsage, ya jiƙe sharkaf, yana ɗiga. Ya ce, "Wannan ba ya ba da sanarwa. Ranar da zai fashe, ko sau goma ka taka, ƙafarka ƙasa za ta tafi. Wace hanya kake bi?"

Ya faɗa masa. Dattijon ya san gangarar. Ya girgiza kai kawai, ya rubuta cewa motar ba ta ci gwaji ba, a gyara a dawo.

Malam Hashimu ya lallaɓa da ita a giya ɗaya har garejin bakanike. Bakanike ya duba ya ce irin tiyon nan na tsohuwar mota babu shi a garin, sai an aiko daga birni, ba zai iso ba sai Talata.

Litinin kuwa ita ce ranar.

Ku saurara, domin nan ne jarrabawar take. Ana sallame sallar Juma'a, yana neman takalminsa, sai ga Sallau Nan-take ya dafa kafaɗarsa. Labari ya riga ya kai tasha. Ya zaro takarda daga aljihu, ga sunan Malam Hashimu, ga lambar motarsa, ga hatimi.

Ya ce, "Ustazu, na ji an kayar da kai a jarrabawa. Ga ta, na yi maka tun jiya don na san za a rina. Ka sa bakanike ya naɗe tiyon da roba, ka bi a hankali Litinin da Talata, Laraba ka sa sabo. Kwana biyu ne fa. Wata nawa kana hawa da ita a haka ba abin da ya faru?"

Wallahi maganar tana da daɗin ji. Malam Hashimu ya tsaya yana kallon takardar, har hannunsa ya ɗan motsa. Sannan ya ce, "Sallau, da ina hawa ban sani ba. Yau na shiga rami na gani da idona. Mayar da abarka."

Sallau ya ce, "To sai ka ci gaskiya ran Litinin, ka sha ruwa."

A gida Tasalla ta yi kuka. Ta ce, "In suka kwashe yaran nan, me za mu ci?" Ya ce, "Ban sani ba." Ya kwatanta mata tiyon, da yadda motar ta ƙi tsayawa, da katangar. Ta juya ta dubi Shamsiyya tana wasa a tsakar gida, wadda kullum ita ce take zama a gaba kusa da babanta. Ba ta ƙara ambaton Sallau ba. Amma Asabar da Lahadi ba wanda ya ci abincin kirki a gidan.

Ran Litinin, gari na wayewa, Malam Hashimu ya ce wa Tasalla ta kwance masa igiyar shanya. Ya naɗe ta a hannu, ya riƙe Shamsiyya, ya fita a ƙasa. Ya bi gidajen yaran ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ya yi sallama, magana ɗaya yake faɗa: "Na kai motata gwaji, ba ta ci ba. Birkinta ba lafiya, kuma na daɗe ina ɗaukar 'ya'yanku a haka ban sani ba. Ku yafe mini. Sai Laraba za ta gyaru. In kun yarda, zan kai su da ƙafa."

Wata Hajiya Turai, mai yara uku a motar, ta leƙo ta ce, "Wato duk zangon da ya wuce da mataccen birki kake gangarawa da 'ya'yana? Kuma ka zo kana faɗa mini da bakinka?"

Ya ce, "Haka ne, Hajiya."

"To an gode. Akwai masu mota da takarda."

Ta rufe ƙofa. Wani gidan ma haka, suka janye yaransu biyu. Amma sauran iyayen suka miƙo nasu. Wata ta tsuguna ta ɗaure wa ɗanta takalmi tana cewa, "Ku riƙe igiyar Baba Direba da kyau, wanda ya saki sai na zane shi."

Haka suka gangaro, yara tara riƙe da igiyar shanya, shi yana gaba yana waiwaye, yana ƙirga su a kowace kwana. Da suka iso babban titi ya tsayar da su, ya jira, ya jira, har hanya ta yi fayau, sannan ya shiga tsakiya ya ɗaga hannu suka tsallaka. Sun makara da rabin awa.

Malama Sahura tana bakin ƙofa. Ta dubi yaran, ta dubi igiyar, ta ce, "Malam Hashimu, ina motar? Ina takardar?"

Ya miƙa mata wadda aka rubuta masa, mai cewa motar ba ta ci ba. Ta karanta har ƙarshe. A hannunta akwai takardun sauran direbobi shida, duk sun ci, duk fes. Ta daɗe tana juya tasa, sannan ta ce, "Cikin takardun nan bakwai, wannan ce kaɗai ta zo da baƙin mai a jikinta. Je ka. Ina jiranka ran Laraba."

Talata ma da igiya ya kai su. Laraba aka sa sabon tiyo, ya koma wurin gwaji, dattijon ya taka birki sau ɗaya motar ta tsaya cak. Ya sami takardarsa. Yara biyar ɗin da aka janye ba su dawo ba, gidansa kuma ya ji a jikinsa har ƙarshen shekarar. Ba zan ce muku ya yi arziki ba, don bai yi ba. Amma ya yi shekaru yana sauka gangarar nan, kuma duk yaron da ya ɗauka da safe ya mayar wa uwarsa shi da azahar.

To 'yan'uwa, ga darasin a fili. Amana ba takarda ba ce. Amana ita ce abin da mutum yake yi bayan ya san gaskiya, alhali yana da hanyar ɓoye ta. Kuma sau da yawa aibin da zai halaka mu shi ne wanda muka saba da shi har muke ce masa hali.

Mu kuma iyaye mata, mu da muke tashi da asuba mu yi wa yara wanka, mu duba ƙumbarsu, mu ɗanɗana abincinsu kafin mu zuba a kula, sai mu tura su cikin motar da ba mu taɓa tambayar lafiyarta ba. Gobe in direba ya yi hon, ki sa mayafinki ki fita. Ki gaishe shi da mutunci, ki tambaye shi yaushe ya kai motar gwaji, kuma a ina wurin yake. Wanda ya je zai kwatanta miki hanya. In maigidanki yana da mota ko babur, ki tambaye shi haka. In kuma wani ya zo ƙofarki ya faɗa miki gaskiyar da za ta rage masa abinci, kada ki rufe masa ƙofa, don irinsa kike roƙon Allah ya haɗa 'ya'yanki da shi.

Allah ya tsare mana su a fitarsu da dawowarsu, ya sa mu zama masu riƙon amana. Amin.