Waziri Gwadabe da Dokar Ranar Shuka

A zamanin da, a wata ƙasa ta manoma, tsuntsaye suka addabi gero. Sarki ya tara malamai da fadawa a zaure, aka yi ta shawara, har Waziri Gwadabe ya gano bakin zaren: wannan ya yi shuka yau, wancan sai wani mako, don haka duk gonar da ta riga nuna, a kanta tsuntsaye ke taruwa su cinye. In kowa ya shuka rana ɗaya, ɓarnar za ta rarrabu.

"Madalla da Waziri!" in ji Sarki. Aka tsayar da ranar Asabar, aka yi shela: duk dagacin da garinsa bai shuka ba, a bakin rawaninsa.

To, Asabar ta zo, birni ya sha ruwa, aka shuka. Sai ga labari wai Nabara, dagacin Tsamiyar Yamma, ya hana mutanensa fita gona. Sarki ya ce, "Waziri, dokarka ce. Tafi ka kwance masa rawani."

Gwadabe ya hau, ransa a ɓace, don shi mutum ne mai son a ce maganarsa ta zauna daram. Ya iske tsoho Nabara zaune gindin rumbu. Aka gaisa, ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Ranka ya daɗe," in ji Nabara, "ga kaina, kwance. Amma ko ɗigo ba mu samu ba. Irin da ke rumbun nan shi ne na ƙarshe. In muka zuba shi a busasshiyar ƙasa, tururuwa da zabi za su gode wa Sarki, mu kuwa baɗi sai bara."

Waziri ya tsugunna ya tona ƙasa da yatsa. Ƙura zalla! Kunya ta kama shi, wai duk taron nan ba wanda ya tuna cewa ruwa ba ya sauka ko'ina rana ɗaya. Bai taɓa rawanin ba. Ya ɗebi ƙasar a ƙwarya, da ya iso ƙofar birni ya ɗebi ta nan a wata ƙwaryar.

"Ina rawanin?" in ji Sarki.

"Allah ya ba ka nasara, na iske talakawa biyu, ɗaya mai biyayya, ɗaya mai taurin kai. Na kawo su ka hukunta da hannunka." Ya ajiye ƙoren nan biyu. "A umarce su su dunƙule."

Sarki ya yi murmushi, ya damƙi ƙasar birni, ta dunƙule kamar fura. Ya damƙi ta Tsamiyar Yamma, ta zubo ta tsakanin yatsunsa, ta ɓata masa riga. Ya sake matsawa da ƙarfi. Ina!

Can Sarki ya karkaɗe hannu ya ce, "Ashe shelarmu ba ta kai ga hadari ba." Nan take aka gyara doka: kowane gari ya shuka tare, amma ranar da ƙasarsa ta dunƙule a hannun dagaci. Kuma daga yau ba a yanke dokar gona sai an kira masu noman an ji ta bakinsu.

Waziri ya koma da saƙon da kansa. Kafin ya isa, hadari ya taso, ruwa ya yi masa jagab. Ya tarar da Nabara a bakin gona, riƙe da rawaninsa a naɗe, yana jira ya miƙa.

"Mayar da shi kanka, Baba," in ji Gwadabe, yana tattare hannun riga. "Ni sungumi za ka ara mini, mu yi shuka."